Gidan Hindu a Idon Mai Zanen Littafin Yara

Zana gidan mabiya addinin Hindu a littafin da yaran Hausawa za su karanta aiki ne da ke buƙatar bincike fiye da yadda ake zato. Marubuci yana iya cewa kaka ta shiga ɗaki ya wuce abinsa. Mai zane kuwa dole ya yanke irin tufafin da ke jikinta, da kafaɗar da ta yafa gefen sarinta, da ko akwai jan gari a tsagar gashinta, da abin da ke rataye a bangon ɗakin. Kowanne daga cikin waɗannan magana ce ga wanda ya san gidan, kuma kuskure a cikinsu yana iya mai da matar aure bazawara, ko ya mai da mutumin Madras ɗan Punjab.

Abu na farko da ake rarrabewa shi ne Ba'indiye da Hindu, domin a bakin Hausawa kalmomin biyu sun kusa zama ɗaya. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna kashi 79.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar Hindu ne, wajen miliyan 966, Musulmi kuma kashi 14.2, wajen miliyan 172, sauran Kiristoci ne da Sikh da Jain da mabiya Buda. Mai rawani da gemu da ake yawan gani a fim galibi Sikh ne, addininsa daban. Da yawa daga jaruman da suka koya wa Kanawa yadda ake rayuwa a gidan Hindu su kansu Musulmi ne: Dilip Kumar sunansa na yanka Yusuf Khan, haka ma Shah Rukh Khan da Aamir Khan Musulmi ne.

A Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, ana iya ganin iyakar abin da zaman tare ke koyarwa. Garin zango ne ga Hausawan da ke zuwa daga Kano da Damagaram da Maraɗi ta hanyar Agadas da Dirku, wasunsu sun zauna da iyali. Indiyawa ma sun zauna a can, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman Jami'ar Sabha. Kafin yaƙin 2011 ana ƙiyasta Indiyawan Libiya baki ɗaya sun kai 18,000, kuma gwamnatinsu ta kwashe mafi yawansu a shekarar. To amma wanda aka gani a asibiti ma'aikaci ne a baƙuwar ƙasa, ya bar iyayensa da kakannin 'ya'yansa a gida, kuma da yawa daga ma'aikatan jinyar Kiristocin jihar Kerala ne. Yaron Bahaushe a Sabha ya fi sanin Indiya ta tashoshin Zee Aflam da MBC Bollywood da ke juya fina-finan zuwa Larabci, da kuma fassarar Hausa ta irin su Algaita da ake turawa a waya daga Kano. A Kanon ma haka abin yake. 'Yan kasuwar Sindi irin su Chellaram sun daɗe a Najeriya, malaman Indiya kuma sun cika makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980, amma ɗaliban da suka taɓa shiga madafin malaminsu ba su da yawa.

Alaƙar adabin yaran Hausa da Indiya ta girmi silima. Akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, yana da kaka a wani tsohon littafin Sanskirit mai suna Shukasaptati, inda aku ke hana wata mata fitar dare ta hanyar ba ta labari har saba'in. Kalila wa Dimna da malaman zaure suka sani, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, asalinsa Panchatantra ne na Indiya. Sai dai Imam ya sa wa labaran babbar riga da hula, har ba a ganin Indiya a cikinsu. Fim ne ya fara nuna fuskar ƙasar, tun da Kwarori masu gidajen silima suka soma kawo fina-finan Bombay a shekarun 1950. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru yana cika silimun Kano, kuma Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa kan dalilin wannan karɓuwa: kunya, biyayya ga iyaye, auren dole, da suturar da ba ta yi nisa da ta gida ba. Kamannin gaskiya ne, illarsu ita ce suna sa mai kallo ya ɗauka ya riga ya san gidan. Gidan da ke cikin Hum Aapke Hain Koun na 1994 ko Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 gidan attajiran arewacin Indiya ne, mai matattakala kamar ta fada. Wanda ya zana shi a matsayin gidan Hindu ya yi daidai da wanda ya zana falon attajirin unguwar Nasarawa ta Kano ya ce ga yadda Hausawa ke zaune.

Tsarin da al'ada ta ɗauka a matsayin cikakken gida shi ne na gandu, kusan yadda Bahaushen karkara ya san shi. Uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki suna zaune wuri ɗaya, tukunya ɗaya, dukiya ɗaya, 'ya mace kuma tana barin gidan ta koma na mijinta. A yau fiye da rabin gidajen Indiya na miji da mata da 'ya'yansu ne kawai, musamman a birane inda haya ke da tsada, amma tsoho ko tsohuwa da ke zaune wajen ɗansu abu ne da ake gani ko'ina. Babban bambanci da gidan Bahaushe shi ne rashin kishiya. Dokar auren Hindu ta 1955 ta haramta wa namiji mace fiye da ɗaya, saboda haka rikicin cikin gida da labarai ke ginuwa a kai na uwar miji da matar ɗa ne, sai kuma na faccaloli.

Sunayen dangi wuri ne da mai zane da mai fassara duka ke tuntuɓe. Bahaushe yana da kaka ɗaya ga ɓangarori biyu, Hindi kuwa ta raba: dada da dadi na wajen uba, nana da nani na wajen uwa. Rabuwar tana da ma'ana a hoto, domin dadi ita ce wadda ke gidan kullum tana riƙe da makullai, nani kuwa wadda ake kai wa ziyara lokacin hutu ana shagwaɓa. Wan uba tau ne, ƙanen uba chacha, inda Bahaushe zai ce baffa ga duka biyu. Gwaggo ita ce bua, 'yar'uwar uwa mausi. Mai rikitarwa shi ne mama, wanda a Hindi kawu ne, ɗan'uwan uwa. Yaron Hausa da ya karanta cewa mama ya zo da gashin baki sai an yi masa bayani. Matar wa ita ce bhabhi, kuma tsakaninta da ƙanen miji akwai wasa irin wanda Hausawa suka sani. Waɗannan duka na Hindi ne. A Tamil ko Bengali ko Malayalam sunayen sun sauya, kuma tsarin mulkin ƙasar ya amince da harsuna 22.

Ladabi yana da siffar da ido ke gani. Yaro yana sunkuyawa ya taɓa ƙafar babba, babban ya ɗora masa hannu a ka ya sa albarka, a wurin da ɗan Hausa zai durƙusa ya gaida. Matar da ta bi tsohuwar al'ada ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce baban wane ko ta yi kara da wata kalma, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a gidan da ake alkunya. A ƙauyukan Rajastan da Haryana matar ɗa tana jan mayafi ta rufe fuska gaban surukinta da yayyen mijinta, amma a kudu ba a yin haka. Takalma ana barin su a bakin ƙofa, saboda haka hoton iyali zaune a ɗaki da takalma a ƙafa kuskure ne da kowane Ba'indiye zai fara hanga.

A kusan kowane gida akwai kusurwar bauta, wani lokaci ɗaki guda, sau da yawa 'yar kanta ce kawai a bango ko a gefen madafi. Idan aka matsa kusa za a ga hotuna biyu ko uku cikin firam, ƙananan siffofi na tagulla, fitilar ƙasa mai lagwanin auduga da ake zuba wa man shanu, turaren tsinke, ƙaramar ƙararrawa, da furanni ruwan ɗorawa da suka fara yaushi tun na safe. Uwa ko kaka ce ke kunna fitilar da asuba bayan wanka, ta sake da magariba. A tsakar gida akwai tukunyar tulsi, ɗan'uwan ɗoɗɗoya, wanda ake shayarwa ana girmamawa. A jihar Tamil Nadu matar gida tana share ƙofar gida da sassafe, ta yayyafa ruwa, ta zana kolam da garin shinkafa, ɗige-ɗige da layuka masu kewaya su, waɗanda ƙafafun masu wucewa ke shafewa kafin rana ta yi tsaka. Wanda ake bauta wa ya danganta da gida da yanki: Ganesha mai kan giwa ana fara komai da shi, Lakshmi ta arziki ce, Durga ta fi ƙarfi a Bengal, Murugan a ƙasar Tamil. Alamar swastika da ake shafawa a ƙofa ko a sabuwar mota tsohuwar alamar fatan alheri ce da ta riga Hitila da dubban shekaru, ko da yake mai zane zai yi tunani kafin ya sa ta ba tare da bayani ba.

Nan ne mai zane Musulmi ke fuskantar tambayar da ta fi nauyi. Littafin na yaran Musulmi ne, iyaye da malamai za su duba shi, kuma abin da Hindu ke kira murti Bahaushe gunki yake ce masa. Malamai da yawa sun sassauta kan hotunan koyar da yara, suna kafa hujja da 'yartsanar Nana A'isha, amma zana abin bauta wata magana ce daban. Cire kusurwar gaba ɗaya yana mai da gidan ƙarya, kamar a zana gidan Bahaushe babu buta babu darduma. Cika shafi da fuskar abin bautar kuma yana iya sa a ajiye littafin tun kafin a karanta. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a nuna kakar ta baya tana kunna fitila, kantar a gefe, rubutun kuma ya faɗa a fili cewa wannan ita ce ibadarsu, ba tare da yabo ko zagi ba.

Madafi ma wuri ne mai tsarki a wurinsu, ba a shigarsa da takalmi, a gidajen masu tsanani kuma ba a shiga sai an yi wanka. Zaton cewa Hindu ba ya cin nama rabin gaskiya ne. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya sami kashi 44 cikin ɗari na Hindu suna cewa ba sa cin nama, ragowar suna cin kaza ko akuya ko kifi, Bengalawa kuwa ba sa rabuwa da kifi. Naman shanu ne mafi yawa suke ƙauracewa. A arewa abincin sirarar gurasar alkama ce da miyar wake a kan faranti mai ƙananan kwanuka, a kudu shinkafa ce, ranar biki a kan ganyen ayaba. Da hannun dama ake ci, kuma abin da baki ya taɓa ba a miƙa wa wani, har ruwa ma sukan ɗaga kofi su zuba ba tare da ya taɓa leɓe ba. Cin tuwo a kwano ɗaya da Bahaushe ke ɗauka alamar zumunci ba al'adarsu ba ce.

Tun da littafin na yara ne, bukukuwan ƙuruciya su ne suka fi amfani. Littattafan addinin sun saba lissafa matakai 16 daga ciki zuwa mutuwa, amma kaɗan ne ake yi a kowane gida. Suna yana zuwa ne a kwana na 11 ko 12, uba ya raɗa sunan a kunnen jariri, sau da yawa harafin farko an zaɓe shi bisa tauraron haihuwa. A wata na shida ake ba yaro lomar farko ta shinkafa, a Bengal kawu ne ke ba shi. Askin farko, mundan, sai a shekara ta ɗaya ko ta uku, wasu har su tafi wurin bauta na Tirupati don a yi shi, saboda haka jaririn Hindu a hoto yana da gashinsa, ba kamar na Hausa da wanzami ke askewa ranar suna ba. Akan ɗiga masa baƙin kwalli a goshi ko kumatu don kambun baka. Yaran wasu zuriyoyi, musamman Brahmin, wato zuriyar malaman addininsu, ana rataya musu zare daga kafaɗar hagu zuwa kwiɓin dama. Diwali, bikin fitilu, yana faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, Holi na watsa launi a wajen Maris, Raksha Bandhan kuma a wajen Agusta, ranar da 'yar'uwa ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a wuyan hannu shi kuma ya ba ta kyauta.

Aure ya fi kowane abu kama da na Hausa a ido, ga lalle, ga kukan amarya, ga taron dangi, amma ƙarƙashinsa a juye yake. Ana ɗaura shi ne a gaban wuta, ango da amarya su taka taku bakwai tare. Nauyin dukiya yana kan iyayen amarya, waɗanda ke ba gidan ango kuɗi da kaya. An haramta hakan da doka tun 1961 amma bai mutu ba, kuma ya wuce kayan ɗaki da gara nesa ba kusa ba, tun da babu sadakin da zai rage zafin. A arewa ba a auren dangi ko kaɗan, yayin da a kudu auren ɗan kawu ko ɗan gwaggo abin so ne, kamar auren zumunci. Amarya ja take sawa a yawancin yankuna. Matar aure ana gane ta da jan gari a tsagar gashi da sarƙar mangalsutra, ɗigon goshi kuwa 'yan mata ma suna yi. Wadda mijinta ya mutu tana ajiye waɗannan duka, a tsohuwar al'ada ta sa fari har ƙarshen ranta, abin da ya bambanta da takabar wata huɗu da kwana goma. Don haka fari a wurinsu launin makoki ne, kuma idan kakan labarin ya rasu, hotonsa a bango yana da sarƙar furanni, kakar kuma babu ja a gashinta. Gawa ƙonawa ake yi, babban ɗa ne ke kunna wutar, tokar a kai kogi, a arewa a zauna makoki kwana 13.

Akwai abin da fim ke ɓoyewa, wato rabe-raben zuriya. Kowane gida yana da jati da aka haife shi a ciki, wanda ke yanke wanda za a aura, a da ma har wanda za a ci abinci da shi. Ya ɗan yi kama da yadda ake gadon ƙira ko fawa ko wanzanci a ƙasar Hausa, sai dai ya fi tsauri ƙwarai. Tsarin mulkin 1950, wanda Dakta Ambedkar ya jagoranci rubuta shi, ya soke ƙyamar Dalit, wato zuriyoyin da ake ɗauka a ƙasan kowa, amma sunan gida da unguwa da sana'a har yanzu suna nuna matsayin mutum. Mai zanen da ya sa wa kowane namiji zare a kafaɗa ya zana gidan manyan zuriya ne ko bai sani ba.

Su kansu masu zanen Indiya sun yi wannan muhawara. Siffofin da ake gani a kalanda da kusurwar bauta sun samo asali daga Raja Ravi Varma, wanda ya rasu a 1906, ya kuma kafa maɗaba'a a Bombay a 1894. Jerin Amar Chitra Katha da Anant Pai ya fara a 1967 ya bi sawunsa, ya raini yara miliyoyi, amma an soke shi da mai da jarumai farare, miyagu baƙaƙe. Wannan suka ta shafi yaron Hausa kai tsaye, domin shi ma fim ya koya masa cewa Ba'indiye fari ne mai dogon hanci, alhali miliyoyin mutanen kudu da na karkara ba su fi shi haske ba. Kamfanonin baya-bayan nan irin su Tara Books da Tulika na Chennai da Pratham Books sun koma zana gidaje na gaske, da rufin kwano da babur a ƙofa da uwa mai zuwa aiki sanye da riga da wando. Shafin StoryWeaver da Pratham ta buɗe a 2015 yana da dubban irin waɗannan littattafai kyauta, kuma ga wanda ke Sabha ko Kano ba shi da halin zuwa Indiya, ya fi fim ɗari amfani.

Abin da binciken ke kaiwa gare shi shi ne zaɓen gida ɗaya: jiha kaza, harshe kaza, birni ko ƙauye, mai hali ko talaka, sannan a sa wani ɗan yankin ya duba zanen kafin a kai maɗaba'a. Akwai kuma tarko na ƙarshe ga littafin da za a fitar da Larabci don yaran Libiya. Masu buga littafi sukan juya hoto kamar a madubi don ya bi karatu daga dama, kuma da zarar an yi haka yaron da ke cin abinci da dama ya koma ci da hagu, zaren kafaɗa ya sauya gefe, gefen sarin da uwa ta yafa a kafaɗar hagu ya koma dama, inda matan Gujarat ke yafa nasu. Shafukan da ke da abinci ko gaisuwa ko ibada sai an sake zana su da hannu.